Baƙo a Kwazazzabon Atakora

Rana ta ƙarshe da Baƙo ya wuni a Bagudo Laraba ce, 'yan kwanaki bayan babbar Sallah, a daminar da aka rufe iyakar ƙasa da Benin. A lokacin ba a kai ga rufewa ba. Makarantu suna hutu, saboda haka mahaifiyarsa, Malama Halima Sa'adiya, mai koyar da labarin ƙasa a sakandaren 'yan mata, tana gida. Yawancin abin da ya yi a ranar a gaban idonta ya yi shi.

Da asuba ya dawo daga masallaci, ya wuce ƙofarta bai tsaya ba, ya shiga ɗakin kakarsa Iyatu, mahaifiyar babansa. Haka yake yi kullum. Shi ne ɗan fari, kuma sunan marigayi mijin Iyatu aka sa masa, Zainulabideen, sunan da babu mai kamawa a gidan. A Sakkwato aka haife shi, uwarsa tana tsakiyar karatun jami'a. Ranar da aka kawo shi gida Iyatu ta karɓe shi ta ce, "Mun yi baƙo," sunan ya bi shi. Da aka yaye shi ɗakinta ya koma, a nan ya tashi. Iyatu yake kira Inna, uwarsa kuwa Malama, kamar yadda duk gari ke kiranta. Ita ba ta kiransa da komai. In za ta yi masa magana sai ta ce "kai", in za ta yi maganarsa ta ce "ɗan Inna". Kunyar ɗan fari ce, gadonta ta yi, jami'a ba ta raba ta da ita ba.

Daga nata ɗakin uwar ta jiyo su.

"Maigida, an ce za ka hawan dutsi," in ji Iyatu. "Mi ka aje can bisa?"

"Iska za ni sha, Inna."

"Na ƙasa ya ƙare? Kai da ko rumbu ka hau sai an riƙe maka tsani."

"Tsohuwa, ki ji tsoron Allah. In na tahi za mu ga mai hura miki wuta da sahe."

"Tahi. Kahin ka dawo na yi sabon miji mai mota."

Da hantsi ya tafi rumfarsa a bakin kogin Kwara. Gyaran injin kwale-kwale ne sana'arsa. Ya fara karatun difloma a Birnin Kebbi, ya yi shekara guda ya dawo, ya ce shi hannunsa ya fi kansa son aiki. Uwarsa ba ta ji daɗi ba. Masunta har daga wajen Zagga da Sharabi suna kawo masa inji, domin tun daga nesa yakan ji ƙarar inji ya faɗi ciwonsa, kuma ba ya sa sabon ƙarfe inda tsoho zai yi.

A wannan lokaci na shekara kogin yana tasowa. Masunta suna da yadda suke auna shi: da yamma a kafa kara a daidai bakin ruwa, da safe a zo a duba nawa ya ci. Ranar yatsa biyu ya ci. Da wannan ake shirya komai, ranar da za a ja rumfuna baya, ranar da za a kwashe taru daga tsibiri. Kwara a hankali take zuwa, mako bayan mako, kuma in ta fara ja da baya ba ta komowa sai cikowa ta biyu, da suke kira baƙin ruwa, ta iso cikin sanyi, bayan watanni. Mahaifinsa, Ma'azu, ɗan masunta ne, yanzu dillalin banda, shi ya koya masa duba kara tun bai iya ɗaura wando ba. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya ƙetare kogin da iyo, ya sha bulala, amma Ma'azu ya daɗe yana ba da labarin a majalisa.

Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce. Ya taɓa gaya wa ƙanwarsa Kausar cewa tun da aka haife shi bai taɓa kallon wani abu daga sama ba sai daga kan gada. Rumfa ɗaya, gaɓa ɗaya, injuna iri ɗaya, in ya ɗaga kai sararin nan ne dai na jiya. Abokinsa Bilyamin, mai sayo kayan inji daga Kandi, wanda ke jin yaren Dendi da ɗan Faransanci, shi ya nuna masa hotunan duwatsun Atakora a can arewa maso yammacin Benin. Tun daga ranar maganar ba ta bar bakinsa ba.

Bayan azahar ya yi abin da bai saba yi ba. Ya zo ƙofar uwarsa ya tsuguna.

"Malama, ko kina da taswirar wajen?"

Ta ɗauko littafin taswira da take koyarwa da shi, ta buɗe a kan tabarma, ta sa yatsa a kan wani siririn layi mai launin ƙasa. Ta nuna masa Tsamiya, inda za su ƙetare, da Segbana, da Kandi, da doguwar hanyar da za ta kai su Natitingou. Ta ce duwatsun ba su kai na Filato tsawo ba, amma tsofaffi ne, ruwa ya daɗe yana yanka su. Ita kanta ba ta taɓa ganin dutse mai suna dutse ba sai a takarda, shekara ashirin tana zana su a allo.

"Damina ce," ta ce. "Ka kula da santsi. Ka kula da inda kake sa hannu, akwai macizai."

"To, Malama."

Maganar ruwa ba ta taso ba. Ba a saba ce wa ɗan gidan Ma'azu ya yi hankali da ruwa ba.

Da la'asar Bilyamin ya zo a babur, ya tarar Kausar tana ƙulla musu soyayyen naman layya.

"Ƙanwata, wanga na mutum guda ne ko na kyanwa?"

"Na Yaya ne. Kai ka ci dutsi in kun isa."

"Ka ji ko, Baƙo? Ni da zan yi maka tafinta. Bari mu kai bakin iyaka, in ce musu ɓarawon awaki na kawo."

Kausar ta ƙara musu wani ƙulli tana harara. Da magariba Ma'azu ya dawo, suka ci tuwon shinkafa da miyar kifi a ƙofar zaure, ya ce su gaida mutanen can, su kuma dawo kafin kogi ya kai ga rumfa, don shi ba zai ja wa kowa rumfa ba. Aka yi dariya. Washegari bayan sallar asuba suka tafi.

Abin da ya faru ranar Asabar daga bakin Bilyamin aka ji shi, kuma bai taɓa sauya ko kalma ɗaya ba duk sau nawa aka tambaye shi.

Sun ɗauki wani dattijo daga ƙauyen da ke gindin dutsen ya yi musu jagora. Suka hau ta cikin ciyawa mai raɓa har ƙugu, tsakanin kaɗanya da ɗorawa da wasu itatuwan da Baƙo bai san sunansu ba. Babu hanya sai sawun ƙafa. Babu ƙarar inji, babu leda ko ɗaya a ƙasa. Birai suka yi ta bin su daga nesa suna tsawa. Baƙo ya yi haki, ya zauna sau da yawa, yana zagin ƙafafunsa. Da suka kai sama ya tsaya a bakin dutsen ya daɗe yana kallon ƙasa. Gonaki da gidajen laka masu hawa biyu suna can ƙasa kamar an zuba su a faifai, shaho yana yawo ƙasa da inda suke tsaye.

"Ashe bayan shaho ja ne," ya ce. "Mu cikinshi kaɗai muka sani."

Daga nan suka gangara cikin wani kwazazzabo mai bango biyu na dutse, rafi yana bi ta tsakiya. Ruwan garai-garai, ana ganin tsakuwa, bai wuce idon sawu ba. Daga can gaba suna jin zubar ruwa daga sama, Baƙo yana son ya gani. Sai dattijon ya nuna wani baƙin hadari a kan duwatsun da ke nesa, ya ce su fita, su hau tudu yanzu. A inda suke rana ce tarwai, ko ɗigo babu.

Baƙo ya dubi rafin ya yi dariya. Ba raini ba ne, in ji Bilyamin, dariyar wanda aka gargaɗa a kan sana'arsa ce. Ya karyo kara ya kafa a bakin ruwa.

"Gaya wa dattijo mu ci nama. In mun gama ruwa ya ci ko yatsa guda, ni zan riga shi hawa."

Suka ci. Karan bai nuna komai ba. Baƙo ya ajiye jakarsa da takalmansa a kan wani falalen dutse, ya naɗe wando, ya bi rafin ya yi gaba. Dattijon ya kwashi kayan, ya kama hannun Bilyamin ya ja shi zuwa tudu. Suna tsakiyar hawa suka ji ruri kamar na babbar mota, sannan ruwan ya bayyana a kwanar kwazazzabon, ja, ɗauke da itatuwa, tsawonsa ya fi mutum. Akwai wani dutse a tsakiyar rafin, girmansa kamar rumbu. Shi Baƙo ya samu ya haye.

A Bagudo an gama azahar, Halima Sa'adiya tana tankaɗe a tsakar gida, wayar Ma'azu ta yi ƙara. Ta ga ya miƙe tsaye. Ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Bilyamin yana magana da ƙarfi, bayansa wani ruri da ba ya tsayawa. Ya ce Baƙo yana kan dutse, ruwa ya kewaye shi, lafiyarsa ƙalau, dattijon ya sauka ƙauye neman igiya da mutane, amma ƙauyen da nisa.

"Tsakaninshi da gaɓa fa?" in ji Ma'azu.

"Bai hi tsawon kwale-kwale ba, Baba."

"To mi yake jira? Yaron da ya ƙetare Kwara?"

Ta ajiye rariya, ta miƙa hannu. A shekarun aurensu ba ta taɓa karɓar waya daga hannunsa ana tsakiyar magana ba. Ya ba ta.

"Bilyamin, ni ce. Ka gaya masa kada ya shiga. Wannan ruwan ba a iyo a cikinsa, duwatsu yake mirginawa a ƙasa. Yadda ya zo da sauri haka zai tafi. Ya zauna har a kawo igiya."

Ta ji Bilyamin yana ƙwala ihu, yana maimaitawa, ruri yana cinye rabin maganar. Can ya dawo.

"Ya ɗaga hannu. Ya zauna. Ya ce a gaya wa Malama ya ji."

Ma'azu ya sa hula, ya ɗauki babur, ya kama hanyar Tsamiya, ko da yake kowa ya san ba zai isa ba sai gobe ko jibi. Bilyamin ya koma kiran wayarta, yana kashewa yana kunnawa don kada caji ya ƙare. Labari ya fita, matan maƙwabta suka shigo suka zauna a tabarmi. Iyatu tana ƙofar ɗakinta da carbi. Su matan ita suke wa sannu, domin ɗanta ne a sanin kowa. Halima Sa'adiya ta kawo musu ruwa. Ta koma ta ɗauki rariya, ta ajiye. Ta je ƙofar zaure ta tsaya, ba inda za ta, ta dawo. Ta san sunan irin wannan ruwa a littafi, ta san yadda ake zana shi, ta sha ba da shi a jarrabawa, kuma tana tsaye a tsakar gida tsakanin turmi da randa, da waya a hannu. Ta yi la'asar wayar tana gefen sallaya.

Tana sallamewa kira ya shigo. Muryar Bilyamin ta sauya, har da dariya.

"Malama, ruwa na sauka! Yana ta jan layi jikin dutsen da tsakuwa. Ya sauka taƙi guda, yanzu ya kusa kamu. Wai in aje mishi sauran naman, kar in cinye."

Matan suka ɗauki hamdala. Iyatu ta ce, "Ɗan banza, sai ya dawo ya same ni."

"Bilyamin," in ji Halima Sa'adiya, "ɗaga kai ka dubi inda ruwan ke fitowa. Yaya sama take?"

Ya duba. "Da baƙi har yanzu. Ya ma matsa gefe guda. Ana walƙiya."

"To wani rafin zai zubo. Ka ce masa ya zauna. Zai sake zuwa."

Ta ji yana ihu. Ta ji ya sake. Sannan ya dawo a gaggauce.

"Yana nuna min layukan. Ya ce ruwan da ya juya baya ba ya komowa. Ya ce rana na faɗuwa, sanyi ya kama shi, in duhu ya yi ba zai ga wurin sa ƙafa ba. Malama, ya miƙe."

"Juya wayar wajensa."

"Ba zai ji ba, Malama."

"Juya ta."

A gaban matan unguwa, a gaban Iyatu, ta kai wayar bakinta ta kira shi da sunansa na yanka, da iyakar muryarta, ta ce ya zauna. Matan suka sunkuyar da kai. Bilyamin ya ce daga baya shi kansa da ke riƙe da wayar da ƙyar ya ji, balle wanda ke cikin kwazazzabo.

Baƙo ya sauka daga dutsen da kyau, in ji Bilyamin. Ruwan ya kai masa cinya. Ya bi a karkace yana ba ruwa kafaɗa, yana gwada ƙasa da ƙafa kafin ya taka, yadda ake yi a gida. Ya yi rabin hanya. Sai na biyun ya zo.

Wayar ba ta katse ba. Halima Sa'adiya ta ji rurin ya ƙaru, ta ji Bilyamin yana kiran Baƙo yana gudu, har cajin ya ƙare. Masu igiya sun iso kafin magariba.

Da safe mutanen ƙauyen suka same shi can ƙasa, inda kwazazzabon ke buɗewa cikin gonakin dawa. Ma'azu yana hanya, tsakanin Kandi da Natitingou, aka kira shi, ya ce kada a jira shi. Musulmin garin suka yi masa wanka da sutura, suka sallace shi, suka binne shi a maƙabartarsu. Ma'azu ya isa ya tarar da ƙasa ɗanya, ya yi addu'a, ya gode wa mutane, ya je har gidan dattijon ya gaya masa ba shi da laifi. Hukumar can ta riƙe jakar sai an gama takardu, Bilyamin ya tsaya jiranta. Ma'azu ya juyo gida, kwana ɗaya da shigowarsa aka rufe iyaka. Halima Sa'adiya ba ta da fasfo. Da aka buɗe kuma, daji ya lalace a wajen, aka daina bin hanyar. Har yau ba ta ga kabarin ba.

A zaman makoki Iyatu aka zaunar a gaba, ita ake wa gaisuwa. Halima Sa'adiya tana baya tana amsa "sai haƙuri" in an juyo gare ta. Da aka koma makaranta ta koma aji.

Jakar ta iso bayan an yi arba'in. Ta kogi Bilyamin ya biyo da ita, a jirgin wasu masunta, ya sauka a Lolo. Aka buɗe a zaure gaban liman. Riguna biyu ne da wando, da bargo, da fitilar hannu, da ƙaramin Alƙur'ani, da wayarsa, da takalman roba masu igiya da ya saya a Kandi don hawan. Aka haɗa da abin da ke ɗakinsa da na rumfa, liman ya raba yadda shari'a ta ce.

Kayan aikin rumfar kuwa, Ma'azu ya karɓe su a rabonsa, ya ba wani mai gyara daga Zagga aro, da sharaɗin ya fara haɗa injunan mutane da ke rumfar ya mayar musu. Iyatu ta ce bargon take so, ba wanda ya yi musu. Alƙur'anin aka kai masallacin bakin kogi. Tufafin aka bayar sadaka, Ma'azu ya ce a kai Kurgu, kada ya riƙa gamuwa da su a kasuwa.

Wayar ta faɗo a rabon uwarsa. Ta sa Kausar ta buɗe mata hotunan, ta duba su ɗaya bayan ɗaya: ciyawa, birai daga nesa, gidajen laka, Bilyamin da baki cike da nama, Baƙo a bakin dutse ya buɗe hannuwa. A na ƙarshe rafi ne da rana a kansa, a kusurwar sama ta hagu kuma gefen hadari. Ta daɗe a kan wannan. Sannan ta miƙa wa Kausar wayar ta ce ta riƙe, ta yi karatu da ita, kada ta goge komai.

Takalman ba su yi wa kowa a gidan ba. Jar laka ta bushe a ƙasansu da cikin igiyoyin. Kausar ta ce a bar su haka. Halima Sa'adiya ta ce ba a ba da sadaka da datti. Ta zare igiyoyin, ta wanke su da kanta a bayan ɗaki, ta shanya a kan danga. Da suka bushe ta mayar da igiyoyin, ranar kasuwa ta ba wani makiyayi da ke kawo musu nono, wanda ƙafarsa ta zo daidai.